Hannu Ɗaya a Gonar Kawu

Shafi na 31

Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban ci gaba ba za ta nemo gidanmu. Ku yi haƙuri, aiki ne ya sha kaina. Masu son Manaja kuma, yau sai ku daure.

*

Uwar Rigima na kwance a gindin kwamin ruwa lokacin da na iso da gudu.

Ita ce saniyar da kowa ke shakka a gonar nan, ja mai karkataccen ƙaho, ga cikin wata bakwai. Yanzu ko kai ta kasa ɗagawa. Miyau na dalala daga bakinta, cinyoyinta sai rawa suke.

Inna mai tatsa ce tsaye a kanta, ta riƙe haɓa.

"Likita, me kika ɗura mata?"

"Maganin sammore ne, Inna. Wanda na yi wa sauran da safe."

"To sauran ga su can suna kiwo. Wannan da ba ta sallama kafin ta tunkuyi mutum, dubi ƙuda na yawo a idonta ta kasa kora."

Na durƙusa na kara kunnena a ƙirjinta. Zuciyarta na gudu kamar za ta ɓalle.

Hannuna ɗaya ne, na hagu. Na daman a gwiwa ya tsaya tun hatsarin mota, shekara biyu ke nan. Ranar da Kawu ya yarda in riƙe aikin likitan dabbobi a gonarsa, a gaban Mama ya kafa min sharaɗi: in dabba ɗaya ta mutu a hannuna, na koma gida. Gida kuwa shi ne ɗakin da na shekara ina kallon silin, bayan wanda zai aure ni ya sallame ni da saƙon waya mai layi uku.

Ba zan koma ɗakin nan ba.

Dokar aikin ni na kafa ta da kaina. Duk saniyar da aka yi wa allura, nan take a shafa mata shuɗin fenti a tozo. In babu fenti, ba a yi mata ba. Ni ke soka allura, Manaja ya riƙe saniya, ya shafa fenti, ya ja layi a littafi, tunda hannu ɗaya ba ya riƙe sirinji da biro a lokaci guda.

Da rana, bayan Manaja ya tafi sayo gishirin lasa, sai na hangi Uwar Rigima ta zo shan ruwa ita kaɗai. Tozonta fes. Na ce an tsallake ta. Ni da Inna muka sha fama har muka kora ta cikin matsattsen lungun katakon da muke tsayar da shanu, na yi mata allurar da kaina, ba wanda ya riƙe min. Don murna har na ɗauko waya zan kira Mama.

Awa ɗaya bai cika ba ta faɗi.

Maganin nan na sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu, ba ya son ƙari. Amma daidai na auna, sau biyu na duba.

"Inna, taya ni juya kanta."

Muka juya. Na bi wuyanta da yatsu a hankali, sai na ji ɗan kumburi. Na buɗa gashin wurin. Ga ƙaramin huji, ga jan tabon maganin ya bushe a gefensa.

A dama.

Ni kuwa kullum ta hagu nake tsayawa.

Ina nan durƙushe na ji ƙarar motar gona ta tsaya a bayana. Manaja ya diro ko ƙofa bai rufe ba. Dogon mutum ne marar magana, ma'aikata in sun ga bayansa Malam Shiru suke ce masa. Wata biyar muna aiki kafaɗa da kafaɗa, ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai yau.

"Me ya same ta?"

"Allura na yi mata."

Ya tsaya cak.

"Ke? Yaushe?"

"Matso ka ga wani abu."

Ya matso. Na ɗora yatsana a kan jan tabon.

"Wannan ba nawa ba ne. Na wa ne?"

Ya kalli tabon, ya kalli ƙasa.

"Manaja, da kai nake."

"Nawa ne."

"Yaushe?"

"Da sassafe. Kafin ki fito."

"Ina fentin?"

"Sai da yamma nake shafa musu, in sun dawo kiwo. Kafin ki zo ƙirga."

"Musu?"

Ya sosa ƙeya.

"Su nawa ne?"

"Sha ɗaya."

Ban buƙaci ya lissafa min ba. Nan take na gan su ɗaya bayan ɗaya: baƙin bijimin da ke karya katako, mai harbin nan, ita Uwar Rigima. Duk masu faɗan garken. Sai yanzu na tuna ban taɓa jin fatar ko ɗaya daga cikinsu a ƙarƙashin allurata ba.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ta matse ki da katako."

"Satina na farko ke nan."

"Eh."

"Kana kai su bayan rumbun ciyawa ka yi musu, ka tura su kiwo mai nisa, sannan ka zo ka tsaya kusa da ni kana miƙo min masu ladabi."

"Likita…"

"Ka kuma ja layi a littafina. Ƙarƙashin sunana."

Na juya ga Inna.

"Ke ma kin sani?"

"Ni? Da na sani zan bi saniya da gudu da tsufana, har zanina na kwancewa? Wallahi yau na fara ji."

Na koma kan Manaja.

"Ka san me nake yi duk ranar allura? In na koma ɗaki sai in tsaya gaban madubi in ce, yau kin yi wa shanu ɗari biyu da shida. Da hannu ɗaya. In faɗa da ƙarfi don in ji da kunnena. Ashe wasan yara aka shirya min. An ba yarinya sirinji ta yi ta soka, babba na bayan gida yana yin aikin gaskiya."

"Ɗari da casa'in da biyar ba wasa ba ne."

"Kada ka ƙirga min."

Inna ta tafa hannu sau ɗaya.

"Ku ajiye faɗan nan, ba ya lalacewa, za ku tarar da shi. Saniya ce ke tafiya."

Gaskiyarta.

"Jakata na cikin ɗakin magani. Ka ɗauko ledar ƙarin ruwa huɗu, da ƙaramar kwalba mai farin murfi a saman kanta. Yi sauri."

Ya tafi ya dawo kafin in gama share mata baki. Na yi mata ta ƙaramar kwalbar a ƙarƙashin fata, don miyan ya tsaya. Saura ruwa, shi kuwa sai ta jijiyar wuya. Aikin hannu biyu ne: ɗaya ya danne jijiyar ta kumbura, ɗaya ya soka.

Na buɗe murfin allurar da haƙori. Sai ga hannunsa ya miƙo.

"Kawo in sa."

"Ka taɓa allurar nan, wallahi yau ɗayanmu zai bar gonar nan."

Ya janye.

"Hannunka nake so, ba shawararka ba. Durƙusa. Sa babban yatsanka nan. Ƙasa kaɗan. Danna."

Ya danna. Jijiyar ta taso a hankali kamar igiya.

"Inna, ɗaga ledar sama. Sama da kanki."

"Ni da kafaɗata ke ciwo tun bara."

"Inna."

"Na ɗaga, uwar masu gida."

Na soka. Saniyar ta zabura, allurar ta goce. Na ji numfashin Manaja ya tsaya, na ga yatsun ɗayan hannunsa sun motsa.

"Kar ka kuskura."

Bai kuskura ba. Na sake daidaitawa, na soka. Jini ya ɓullo baƙi-baƙi a gindin allurar. Na ce ya saki, ya jona tiyo. Ruwa ya fara sauka.

Daga nan ba mai iya tashi. Ni na riƙe allurar kada ta fita, shi ya danne kan saniyar da gwiwa, Inna ta zama sandar rataya. Fuskata da tasa ba su fi taku ɗaya tsakani ba. Na kafa idona a kan tiyo.

Shi ya fara magana.

"Yau ma da yamma zan shafa mata. Ban san za ta baro garke ta dawo shan ruwa ba."

"Laifin saniya ne ke nan."

"Laifina ne."

"Da ka ce min, Likita, saniyar nan ta fi ƙarfinki, da na yi fushi kwana biyu, na zauna na nemo dabara. A ƙara katako a lungun, a ɗaure kai da igiya biyu, wani abu dai. Amma ka zaɓi ka yi min ƙarya da fenti."

"Na san ba za ki yarda ba."

"Shi ya sa ka yanke min hukunci."

"Ba tausayi ba ne."

Na yi wata dariya wadda ni kaina ban so jin ta ba.

"Kowa haka yake cewa. Ka san me wancan ya rubuto min ina kwance a asibiti? Wai ba zai iya jure ganina a haka ba. Mama ba za ta iya jurewa ba, Kawu ba zai iya jurewa ba. Ni da abin ke jikina, ni ce kaɗai aka bar wa juriyar. Na zo gonar nan na ce na sami mutum ɗaya da ke miƙo min igiya bai kalli dungulmina ba. Ashe kai ka fi su iyawa ne kawai."

"Ni ina iya ganinki a haka."

"Malam, rufe min baki."

"Kullum ina ganinki. Na san da haƙori kike buɗe kwalba, kuma kin tsani a lura. Na san in hadari ya haɗo wurin na miki ciwo, sai ki riƙa yi wa kowa faɗa a kan shara. Wannan duk ban taɓa kau da kai ba."

Na gyara riƙon allurar, shi kuma ya ci gaba.

"Abin da na kasa gani shi ne ranar nan. Ƙahonta ya wuce cikinki da kamar yatsa uku. Na auna a katakon daga baya, shaidar na nan. Kin tashi kina kakkaɓe riga kina cewa a kawo ta gaba. Ni kwana uku ban ci abincin kirki ba."

"Tsohon likitan da na gada, mai hannu biyu. Ka taɓa ɓoye masa saniya?"

"A'a."

"To ka gani."

"Shi ko ta karya shi ban damu ba."

Inna ta yi wani tari da ba na tari ba.

"Ni dai leda aka ba ni," in ji ta. "Kunnena kuma ya daɗe da toshewa."

Na ji fuskata ta ɗau zafi. Wani abu ya motsa a ƙirjina, irin wanda na rantse na binne a gadon asibiti. Sai na ƙara jin haushi, nasa da nawa.

"Wannan ba ya wanke ka."

"Na sani."

"In ta mutu, ni za a kora."

"Ba za a kore ki ba."

"Canza ledar."

Ya canza. Muna tsakiyar ta biyu na lura rawar cinyoyin ta ragu. Miyan ya tsaya. Ta kaɗa kunne sau ɗaya, ƙudan da ke idonta ya tashi.

Sai ga farar motar Kawu ta shigo, ta tsaya har tana ture bokitin Inna. Wani cikin makiyaya ne ya kira shi. Ya fito da sandarsa, hula a karkace, tun daga nesa yake magana.

"Saniya mai ciki. Wadda ta fi kowace ba ni 'ya'ya masu kyau. Wa ya yi wannan aikin?"

Manaja ya riga ni.

"Ni ne, Maigida. Na yi mata da safe, na manta, na sake yi mata da rana."

Na kalle shi. Ko minti goma ba a yi ba da gama maganarmu.

"Ka sake?" na ce. "A gabana?"

"Likita, bari…"

"Ƙarya yake, Kawu. Ta safe shi ya yi, a ɓoye, bai shafa fenti ba. Ta rana ni na yi."

"Ke yi shiru, manya na magana."

"Ni ce likitar gonar nan, a kan majinyaciyata ake magana. Na ga tozo ba fenti, na yi allura. Dokar aiki na bi. In gobe na sake ganin tozo ba fenti, haka zan sake yi."

Kawu ya nuna ni da sanda.

"Kin dai tuna sharaɗinmu."

"Na tuna. In ta mutu, da kaina zan haɗa kayana, ba sai ka aiko ba. Amma ba ta mutu ba, kuma kana tsaye a kan tiyona."

Ya dubi ƙafarsa, ya ja da baya. Inna ta juya fuska gefe, kafaɗunta na rawa.

Kunyar da ya ji sai ya sauke ta a kan Manaja.

"Kai kuma, ban taɓa zaton shirme daga wajenka ba. Wa ya ce ka riƙa allura a ɓoye? Cewa na yi ka kula da ita, ban ce ka kashe min dukiya ba."

"Maigida, a bar maganar nan sai mun je ofis."

"A bar me? Karsana ashirin na ware maka a garken gabas, wannan ne godiyar?"

Na ɗago kai.

"Wace karsana?" na ce.

Kawu ya gyara hula.

"Ba maganarki ba ce."

"Kawu, wace karsana?"

"Maganar maza ce, 'yar nan."

"An ce a kula da ni, an ware karsana ashirin. Sunana na ciki. Faɗa min."

"Maigida, don Allah," in ji Manaja.

Amma Kawu ba ya iya riƙe magana in ya hau. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"To laifi na yi? Uwarki ƙanwata ce, kullum sai ta kira ni tana kuka. Wancan marar mutuncin ya gudu, shekara biyu ko kare bai leƙo gidanku da sunan neman aure ba. Wa zai ɗauke ki a haka? Na duba yaron nan, mai hankali ne, ba ya da kowa. Na ce masa ga 'yata nan zuwa, in ya jawo hankalinki ya aure ki, ya zaɓi karsana ashirin ya fara nasa garken. Gata na yi miki. Wani kawun ko akuya ba zai bayar ba."

"Nan zuwa," na maimaita. "Wato tun kafin in zo."

"Da wata guda."

Na so in tashi. Na so in jefar da komai in yi ta tafiya har inda katangar gonar ta ƙare. Amma hannuna ɗaya ne, kuma shi ke riƙe da allurar a wuyan Uwar Rigima. In na saki, jijiyar ta tafi.

Don haka na zauna a inda nake, gwiwoyina cikin taɓo, na juyo da fuskata ga mutumin da ya auna tazarar ƙaho da cikina.

Shayin da yake ajiye min a bakin ɗakin magani kowace safiya. Sakatun ƙofofin da ya canza duka zuwa na turawa da gwiwa. Yadda yake rage tafiya in muna zagaya garke. Duk suka zo min a jere, kowanne da kuɗinsa a goshi.

"Inna, kar ki sauke ledar," na ce, don na ga hannunta ya fara yin ƙasa.

"Ban sauke ba, 'yata." Wannan karon ba wasa a muryarta.

"Manaja."

Bai ɗago ba.

"Kalle ni. Ka ce kana iya ganina a haka, to gan ni."

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka karɓa?"

"Likita, ki bari in yi miki bayani daga farko. Ba yadda…"

"Ban tambaye ka farko ba. Eh ko a'a."

Ya kalli Kawu. Ya kalli hannuna da ke kan allurar.

"Na karɓa," in ji shi.